Yadda Aka Sa Mini Kulu Rediyo

Na san kun ji sunan. Ba wanda ya taɓa faɗarsa a gabana a cikinku, amma na san an faɗa muku a Islamiyya, an faɗa muku a bakin famfo. Ke Hadiza har dambe kika yi a kansa, kika dawo da yagaggen hijabi kika ce mini wai ƙusa ce ta kama shi. Na ɗinke miki, ban tanka ba, don a lokacin babanku yana raye kuma ba ya son a tayar da maganar. Yanzu ba ya nan, ni kuma gwiwoyina sun fara yi mini gardama. Gara ku ji daga bakina, tunda dai bakin aka ce shi ya jawo.

Babanku Malam Idi ba da filin jirgi ya fara ba. Lodin tasha yake yi, Daura zuwa Kongolam, ranar kasuwa kuma Baure, a cusa mutum a cusa akuya a ɗora buhun gero a sama. Sai da ya samu doguwar motar nan fara mai kujeru layi uku, wadda kuka taso kuka gani, sannan ya koma ɗaukar shata. Filin jirgin Katsina a lokacin ba wani abin kallo ba ne. Yawancin mutanenmu ta Kano suke sauka, nan kuwa wani ɗan jirgi ne ke leƙowa wasu ranaku, in ya ga dama ya zo a kan lokaci, in bai ga dama ba ku wuni kuna kallon sama. Wanda ya sauka, in babban mutum ne motar ofis tana jiransa. In yana da ɗan'uwa mai mota, shi kenan. In ba ya da ko ɗaya sai ya faɗa hannun 'yan tasin da ke kwance ƙarƙashin itatuwan darbejiya, su ja shi cikin gari su sauke shi a tasha, ya zauna da akwatinsa a cinya yana jiran motar Daura ta cika. Malam ya ga wannan wahala ya ce a nan abincinsa yake. Gidajen Daura suka san shi. Tun ana gobe za a aiko a ce wane zai sauka, ya wanke mota har ƙarƙashin kujeru, ya sa farin kaftani, ya je ya tsaya inda mai fitowa zai fara ganinsa.

Da aka ƙaddamar da Shari'a kowa ya shiga taitayinsa, har waɗanda ba a tambaye su ba. Aka yi ta wa'azi a kan mace da direba su biyu a mota, tafiyar awa guda da ɗoriya, daji hagu daji dama. Masu mata suka fara ja da baya. Wata rana Malam ya dawo ya zauna a kan turmi, ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Kulu, gobe ki shirya za ki raka ni Katsina."

"In yi me a Katsina?"

"Matar Alhaji ce za ta sauka. Ki zauna kusa da ita a baya, shi kenan aikin."

"Zama kawai? Ai da ka faɗa tun da daɗewa, wannan na fi kowa iyawa."

Haka na zama 'yar rakiya. Duk ranar da mace ce za ta sauka, ni da Malam ne. Nakan ɗauki buta da 'yar darduma, da jug na ruwan randa, da kunun tsamiya a fulas in lokacin sanyi ne. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin shekarun nan. Ni da iyakacina Baure zuwa Daura, sai ga ni na san ƙarar jirgi tun bai bayyana ba, har ina gaya wa 'yan tasi su tashi ga shi nan. Kuma mace in ta sauko daga sama, ƙafarta ta taka ƙasa, ta ga 'yar'uwarta mace da ruwan sanyi, sai bakinta ya buɗe. Abin da na ji a bayan motar nan, da ni rediyo ce kamar yadda suka ce, da gidaje da yawa a garin nan ba su kai yau a tsaye ba. Ban taɓa kai maganar wata gidan wata ba, ko babanku da ke gaba yana tuƙi bai san rabinsu ba.

Akwai kuma wani aiki da ake ba mu wanda ba a faɗarsa da ƙarfi. Kun san al'adarmu, ba a gaya wa matafiyi mutuwa a hanya. Sai an kawo shi gida, ya zauna, ya sha ruwa, sannan babba ya gaya masa. Shi ya sa in an yi rasuwa kuma akwai mai saukowa, 'yan gidan ba sa zuwa tarbo, don idonsu zai tona. Mu ake turawa kamar kullum, don kada ya ga wani abu ya canza. In ya tambaya sai a ce jiki ne ya ɗan motsa. Mun yi wannan ba sau ɗaya ba, kuma na iya. Nakan ja mutum da hirar damina da tsadar kaya har mu shiga Daura. Ban raina al'adar ba, tana da dalili, don an sha ganin wanda aka gaya wa a hanya ya yanke jiki ya faɗi inda ba nasa. Amma duk waɗanda muka ɗauko a haka, an riga an binne nasu tun kafin su taso, ba abin da saurinmu zai ƙara musu.

Ni kuwa akwai abin da ke cina a rai tun kafin a haife ku. Lokacin da innata ta rasu a Baure, ina amarya a nan Daura, aka aiko wani ɗan'uwanmu a keke ya ce jikin Inna ya ɗan motsa, ana son ganina. Tunda ɗan motsi aka ce, sai na tsaya na ƙarasa daka, na yi wanka, na biya kasuwa na saya mata goro fari irin wanda take so. Da na isa na tarar da tabarmi a ƙofar gida, maza sun dawo daga maƙabarta suna wanke ƙafa. Mace ba ta bin gawa, kun sani. Abin da mace ke samu shi ne ɗan lokacin nan a ɗaki, bayan an yi wanka kafin a ɗaure likkafani, a buɗe mata fuska ta yi addu'a ta yi sallama. Shi ne ban samu ba. Goron nan ya bushe a ƙullin zanena, na kasa ci na kasa bayarwa.

To, sai shekarar da abin ya faru. Bazara ce, irin wadda ƙofar langa-langa ke ƙona hannu tun da hantsi. Gidan da suka fi ba Malam aiki shi ne gidan su Alhaji Lawandi, dillalan shanu, masu harka har ƙetaren iyaka. Yayarsa Hajiya Tabawa ta daɗe a kwance, ƙafafu sun daina ɗaukarta. 'Yarta ɗaya mace, Saratu, tana aure a Legas, kuma an riga an gaya mana tun farkon mako cewa ranar Laraba za ta sauka ta duba uwar. Ranar Larabar da sassafe, ina hura wuta, na ji sallamar Alhaji Lawandi da kansa a zaure. Mutumin da aike yake yi, in ya zo da ƙafarsa ka san ba lafiya ba. Malam ya fita, can ya leƙo ya ce in sako mayafi in zo, da ni ake son magana.

"Hajiya ta cika bayan asuba," in ji Alhaji. Muka yi salati, muka yi masa gaisuwa. Ya ce, "Yarinyar nan ta riga ta kamo hanya. Na roƙi liman a jinkirta, da ƙyar ya yarda zuwa azahar. Kun ga zafin da ake, kun kuma san yanzu malamai ba sa son a ajiye gawa. Ana sallame azahar za a sallace ta, ko Saratu ta iso ko ba ta iso ba."

Sannan ya juyo gare ni, bai kalli fuskata ba, amma da ni yake.

"Tsohon ciki gare ta. Kada a kuskura a gaya mata komai a hanya. Ku ce jiki ne. Amana na ba ku."

Malam ya ce in Allah ya yarda. Ni ma na ce in Allah ya yarda, kuma har zuciyata na faɗa.

Jirgin ranar ya yi halinsa. Muka zauna ƙarƙashin darbejiya inuwa tana guduwa muna binta. Malam ba mai yawan kallon agogo ba ne, amma ranar har 'yan tasi suka fara tsokanarsa wai ko amarya zai ɗauko. Sai da rana ta kusa tsaka sannan na ji ƙararsa. Na lissafa a raina, in muka fita daga filin muka miƙe, za mu isa da ɗan sarari. Filin jirgin a kan hanyarmu yake, ka fito ka karya ka nufi gabas, ba ruwanka da cikin gari.

Saratu ta fito tana tafiyar masu ciki, hannu ɗaya a ƙugu, fuskarta sak ta uwarta. Ta rungume ni tana dariya.

"Inna Kulu, har yanzu kina nan da jug ɗinki? Ba ni in sha, ruwan Legas ba ya kashe ƙishi. Baba Idi, ina wuni? Ya jikin Hajiya?"

"Jiki sai godiya," in ji Malam, yana cusa akwati a but, bai ɗago ba.

Muka shiga. Malam ya tayar da mota ya nufi ƙofa, ya sa sigina ta hannun Daura. Sai ta dafa bayan kujerarsa.

"Baba Idi, cikin gari za mu fara shiga. Keken marasa lafiya zan saya wa Hajiya. Ta ce mini a waya ta gaji da kallon rufin ɗaki, so take a riƙa fito da ita tsakar gida da yamma ta ga jikokinta. Na yi mata alkawari ba zan shigo gidan ba sai da shi."

Malam ya ce a bari gobe ya dawo shi kaɗai ya sayo. Ta ce ba ta yarda da zaɓin namiji ba. Ya ce motar tana ɗaukar zafi, ba ta son cunkoson gari. Ta ce motar da ke zuwa Kongolam da rana tsaka? Na sa baki na ce Hajiya ta matsu ta gan ta, keke ai ba gudu zai yi ba. Ta yi dariya ta ce wadda ta yi haƙurin shekara za ta yi na rabin awa. 'Yar gidan dillalai ce, ba a kayar da su a ciniki. Kuma shata ta ɗauka, mota tata ce har a sauke ta. Duk wata ƙarya da ta rage mana, in muka matsa, ita ce za ta tona mu. Malam ya kashe sigina ya juya kan mota yamma. Na ga wuyan kaftaninsa ya jiƙe sharkaf.

Kantin magani na farko ba su da shi. Na biyu suka ce akwai, amma yana sito, sai an ɗauko. Aka ɗauko shi a kwali, ƙafafun daban, mazaunin daban, mai kanti ya zauna yana ɗaurawa yana ba mu labarin ingancinsa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon inuwar bango tana shigewa ƙarƙashin bangon. Malam yana cikin mota ya bar inji a kunne, ya kifa goshi a sitiyari. Da aka gama ɗaurawa, Saratu ta jijjiga keken, ta danna mazaunin da hannu, sannan ta kalle ni sama da ƙasa.

"Inna, jikinku ɗaya da Hajiya. Zauna in gani ko zai ɗauke ta."

Na zauna. Ban san yadda zan ƙi ba. Ta kama hannayen keken ta tura ni daga wannan bango zuwa wancan, da cikinta a gaba, tana cewa haka za ta riƙa zagayawa da ita gindin bishiyar lemun gidansu. Ta tsaya ta ce burkin hagu bai kama sosai ba, a kwance a sake ɗaurawa, ko a ɗauko wani daga sito a gwada. Mai kanti ya ce to, ya miƙe.

A cikin keken nan ina zaune na ga tabarmin ƙofar gidanmu na Baure, na ga mazan nan suna wanke ƙafa. Na san amana aka ba ni. Na san da cikin. Ba mantawa na yi ba, kuma ba suɓutar baki ba ce, wannan nake so ku riƙe. Na auna duka biyun ina zaune, na ga in na yi shiru yarinyar nan za ta shiga gidansu tana tura keke, ta tarar da ɗaki an share. Na tashi na ce wa mai kanti ya dakata. Na kama hannunta na ce ta zo mota, akwai maganar da ba a yi a kanti. Ta biyo ni tana tambaya. Na zaunar da ita a baya, na rufe ƙofa, na zauna na riƙe hannuwanta biyu. Malam ya ɗago, idonmu ya haɗu a madubi. Bai ce in yi ba, bai ce in bari ba.

Na ce, "Saratu, ke musulma ce, kuma uwa ce. Ki riƙe zuciyarki saboda abin da ke cikinki. Hajiya ba ta buƙatar keke. Allah ya karɓi abarsa yau bayan asuba. Ana azahar za a fitar da ita. In muka tashi yanzu, za ki same ta a ɗaki."

Ba ta yi ihu ba. Ta kalle ni kamar ba ta san ni ba, leɓɓanta suna motsi. Can na ji tana innalillahi, a hankali, tana maimaitawa. Sannan ta ce,

"Baba Idi, ja mota."

Kun san tuƙin babanku. Mutumin da har 'yan tasha ke cewa jaki ma zai wuce shi. Ranar na ga wani Malam Idi daban. Bai yi ganganci ba, bai faɗa rami da ita ba, amma tunda muka bar gari ƙafarsa ba ta bar totur ba. Saratu ta kwantar da kai a kafaɗata, hawaye yana bin wuyana, ni kuma ina jiƙa gefen mayafina da ruwan jug ina goga mata a fuska da wuya. Muka wuce Mashi. Wajen Shargalle ta ɗago ta tambaye ni ko Hajiya ta sha wahala, na ce an ce cikin sauƙi ta tafi, da kalmar shahada, kamar yadda Alhaji ya gaya mana. Ta ce alhamdulillahi, ta mayar da kai. Gonaki fayau, an yi sharar daji ana jiran ruwa, ba kowa a hanya sai masu amalanke. Muna hango ginin farko na Daura na ji an ɗaga kiran salla.

Da muka karya kwanar layinsu maza sun cika ƙofar gida, makara tana jingine a zaure. Malam bai gama tsayawa ba ta buɗe ƙofa. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta ratsa mutane, ba ta tambayi kowa me ake yi ba, ta miƙe ɗakin uwarta. Wannan shi ya tona ni. Wanda ba a gaya wa ba, a ƙofar gida yake tsayawa ya rikice, sai an riƙe shi. Alhaji Lawandi ya bi ta da kallo, sannan ya juyo ya kalli motarmu, ya daɗe yana kallo.

Na bi ta ciki. An gama wanka, an naɗe, saura ɗaurin kai. Tsohuwar da ta yi wankan ta ga Saratu, ta sassauta likkafanin ta buɗe fuskar. Saratu ta durƙusa da ƙyar saboda cikin, ta dafa goshin uwarta, ta yi mata addu'a, ta ce ta yafe mata, ita ma ta yafe. Ba a daɗe ba aka yi sallama daga waje aka ce an idar da salla, a miƙo ta. Iyakar abin da ta samu kenan, kuma da mun tsaya gyaran burki da ba ta same shi ba.

Yanzu sai abin da ya biyo baya, don ba zan ba ku rabin labari ba. Kafin a yi sadakar arba'in naƙuda ta zo wa Saratu, lokaci bai yi ba. Ta haifi ɗa namiji ɗan mitsitsi, bai kai ranar suna ba ya koma. Gari ya ɗauka. Aka ce matar Idi Direba ce ta faɗa mata mutuwa a tsakiyar kasuwar Katsina, wasu suka ce a filin jirgi na tare ta da ita tun ba ta sha ruwa ba, wasu har suka ce faɗuwa ta yi a kan cikin. Daga nan sunan ya fito. Na sha kwana ina tambayar kaina ko maganata ce ta taɓa yaron, ko kuwa da ma kwanansa kenan, ko an gaya mata a mota ko a gida. Ba ni da amsa, har yau ba ni da ita, Allah ne masani. Na yi kukan yaron nan kamar ni na haife shi. Na so in je gaisuwa aka aiko a ce in yi zamana. Saratu ta gama wanka ta koma Legas ba mu haɗu ba.

Gidan Alhaji Lawandi ba su ƙara aiko wa Malam ba. Sauran gidajen suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, don wa zai ba da amanar matafiyinsa ga motar da ke da rediyo a baya? Wani direba ya sa ƙanwarsa a mota ya karɓe aikin. Malam ya ninke farin kaftani ya sa a akwati, ya koma lodin Kongolam, da akuyoyi da buhuna, da furfurarsa. Shekarar ce kuka ga mun koma tuwo sau ɗaya a wuni, shekarar ce aka cire ɗan'uwanku Sani daga makarantar kuɗi. Kun sha wannan tare da mu ba ku san dalili ba. Na jira ranar da babanku zai ce mini kin gani ko, ba ta zo ba. Sau ɗaya na tayar da maganar, yana wanke taya, na ce Malam na jawo maka. Bai ɗago ba ya ce,

"Miƙo mini bokitin nan."

Sai bayan shekaru matar wani dillali ta gaya mini cewa Alhaji Lawandi ya kira Malam gaban mutane ya ce ya ja wa matarsa kunne, shi kuwa ya ce ba laifinta ba ne, shi da kansa ya sa ta ta faɗa. Wallahi bai sa ni ba. Haka babanku yake, kuma bai taɓa gaya mini ya yi hakan ba.

Sauran kun san shi, don da ku aka yi, amma ba ku san yadda na gan shi ba. Lokacin da na je Abuja wankan jegonki, Hadiza, na bar Malam lafiya lau sai ɗan tarin da ya saba. Ranar nan da safe kika ce wayata ta lalace kika karɓe, mijinki ya shigo yana kallon ƙasa ya ce jikin Baba ya ɗan motsa, an samo mini jirgi. Ni za ku gaya wa jiki ya ɗan motsa? Ni da na yi shekaru ina faɗa wa mutane. Amma zuciya ba ta son ta sani, sai na riƙe maganar taku da hannu biyu. Har na ce in mun sauka a biya da ni cikin gari in saya masa zuma saboda tarin.

Filin ya canza, an yi gine-gine, darbejiyar nan babu su. Na fito ina neman fuskar Sani ko ta wani direba. Sai na ga wata mata ta manyanta, da gilashi, tana tsaye daidai inda Malam yakan tsaya. Fuskar Hajiya Tabawa ce sak. Saratu ce. Ashe sun dawo Katsina da zama, ta ji rasuwar da safe, ta kira Sani ta ce kada a tura kowa, ita za ta ɗauko ni. Rabona da ita tun a ɗakin uwarta. Duk shekarun nan ban san me ke ranta game da ni ba, ban san ko tana ganin fuskata in ta tuna ɗanta ba.

Ba ta gaishe ni ba. Ta karɓi jakata ta ba direbanta, ta kama hannuna ta kai ni mota, ta zaunar da ni a baya, ta rufe ƙofa. Ta zauna ta riƙe hannuwana biyu.

"Inna Kulu, Allah ya karɓi Baba Idi yau da safe. Ana la'asar za a fitar da shi. In muka tashi yanzu, za ki same shi a ɗaki."

Ta zo da ruwan sanyi a jug. Ita ta riƙa goga mini a fuska har Daura.

To kun ji. Wanda ya ga dama ya ci gaba da kirana Rediyo, na daina jin zafinsa tun ranar. Abin da nake so a wurinku guda ɗaya ne. In tawa ta zo, kuma waninku yana hanya, kada a ce masa jikina ya ɗan motsa. A samu mai hankali ya zauna kusa da shi, ya riƙe hannunsa, ya gaya masa, don kada ya tsaya sayen goro.

Na samu babanku a ɗaki. An sa masa likkafani, an bar mini fuskar a buɗe.